Telan da Ya Rarraba Ciwonsa Gida-Gida

A Hayin Banki, kusa da Kawo, akwai wani tela mai suna Abdulƙadir. Gwani ne a surfani, wato aikin allura da zare da ake yi wa wuyan babbar riga da aljihunta. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, ba ya cin yadin mutane. Aibinsa guda ne, kuma irin aibin nan ne da jama'a ke yabawa. Yana da kara fiye da kima, kuma bai iya buɗe baki ya ce ga abin da ke damunsa ba. Ko kansa na tsagewa, in ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. In ka ba shi shawara zai ce "to" ya yi maka godiya. In wani ya zo da kishiyarta, shi ma "to" ɗin zai samu, har da godiyarsa.

Shago ɗaya suke da ƙanensa Zakari. Zakari ke yanka yana haɗawa a keke, Abdulƙadir yana zaune a tabarma yana surfani, suna hira har rana ta faɗi. Wata rana Zakari na dawowa daga Zariya motarsu ta yi haɗari daidai Katabu, Allah ya karɓi ransa nan take. Duk zaman makokin nan ba wanda ya ga hawaye a idon Abdulƙadir. Mutane suka yi ta cewa ga namiji, ga mai tawakkali. Shi kuwa da ya ji yabon ya yi yawa, sai ya ga ai ba damar ya ba su kunya. Daga nan hidimar gida biyu ta dawo kansa, nasa da na marigayi, kuma duk abin da za a ci a gidajen nan daga hannunsa na dama yake fitowa.

Ba a rufe wata uku ba jikinsa ya fara sauyawa. Barci ya ƙaurace masa. Ƙeyarsa ta riƙa sarawa, kafaɗunsa suka yi nauyi kamar ya wuni dako. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne hannun nan ya fara rawa in ya riƙe allura. Matarsa Husaina ta yi magana, ta sake yi, har sai da ta ce in bai je asibiti ba za ta kai ƙara wurin ƙanen mahaifinsa. Sannan ya shirya.

Likitar da ta duba shi sunanta Hasiya. Ta auna jininsa, ta dubi na'urar, ta sake aunawa.

Ta ce, "Malam Abdulƙadir, jininka ya hau sosai. Zan ba ka ƙwaya, kullum za ka riƙa sha, ko ka ji sauƙi ko ba ka ji ba. Amma ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Ka rage gishiri, ka bar duk abin da ke da kanwa, ka riƙa tattaki da safe. Akwai wani abu da ya same ka kwanan nan da ya tsaya maka a rai?"

Ya ce, "Babu komai, Likita."

"Ka tabbata? Muna da ma'aikaci a nan wanda aikinsa ke nan, a zauna da shi a yi magana. Damuwa na hawar da jini kamar yadda gishiri ke yi."

Abdulƙadir ya yi murmushi ya ce to, amma a zuciyarsa ya ji haushi, don a ganinsa masu taɓin hankali ake kai wa irin wannan ɗaki. Kafin ya fita ta ƙara da cewa ba ta hana shi addu'a ko ƙaho ko maganin gida ba. Sharaɗinta shi ne duk wanda zai je wurinsa ya faɗa masa yana da hawan jini, kuma duk abin da aka ba shi ya sha ya kawo ta gani. Nan ma ya ce to.

Ya fara shan ƙwayar, amma ciwon ƙeya bai tafi da wuri kamar yadda ya so ba. A majalisar ƙofar shago kuwa kowa likita ne. Wannan ya ce mataccen jini ne, a yi ƙaho. Wancan ya ce yawan zama ne ya haifar masa da basir, jiƙo zai sha. Wani ya rage murya ya ce a dai nemi tsari, don ba kowa ke murna da ɗaukakar mutum ba. Abdulƙadir ya saurari kowa, ya ga kowa kamar da gaskiyarsa, ya rasa wanda zai bari.

Ya fara da Baba Isiyaku, wani tsohon wanzami a Unguwar Shanu. Shi ya yi masa askin suna, shi ne kuma wanzamin mahaifinsu har ya rasu. Tsohon ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya fito da sabuwar reza a takardarta, ya jera ƙahonninsa.

Ya ce, "Audu, kafin in taɓa ka, ka je asibiti? Akwai maganin da suke ba ka?"

Abdulƙadir ya dubi furfurar tsohon. Yaya zai ce wa wanzamin ubansa sai da ya fara zuwa wani wuri kafin ya tuna da shi? Ya ga wannan rashin kara ne.

Ya ce, "A'a Baba. Bayan Allah, kai na fara zuwa wa."

Tsohon ya ji daɗi ya sa masa albarka. Ya kafa masa ƙaho a ƙeya da kafaɗu, aka zuƙo jini baƙi ƙirin. Ya ce masa ya huta kwana biyu, kada ya fita cikin sanyin safiya. Abdulƙadir ya tashi ya ji kansa sakayau, kafaɗun sun saki. A hanyar gida ya yi wa kansa lissafi: tunda jini ne matsalar, ga shi kuma an cire marar kyan, ƙwayar nan ta rage aiki. Daga ranar ya koma yau ya sha, gobe ya manta.

Da sauƙin ƙaho ya fara gushewa, sai ya nufi wurin Maliki mai jiƙo a bakin tashar Kawo. Maliki na da manyan robobi cike da saiwoyi da sassaƙe, direbobi da 'yan kasuwa na zagaye da shi. Abdulƙadir bai ce masa ƙeya ba, bai ce hannu ba. Ciwon baya da kasala kawai ya ambata, don a ganinsa su ne ɓangaren Maliki.

Maliki ya ɗora hannu a kan wata roba ya ce, "Wannan shi ne na masu zama, teloli da direbobi. Amma da jar kanwa a ciki, ba na ba mai hawan jini. Ba ka da shi ko, Maigida?"

Mutanen wurin suka juyo suna kallonsa, cikinsu har da wani da yake yi wa ɗinki. Abdulƙadir ya ji kamar in ya amsa, gobe duk Kawo za a ce telan nan ya zama majinyaci.

Ya ce, "Ni? Lafiyata lau."

Maliki ya cika masa gora, ya ce a sha kafin a karya da kuma bayan la'asar. Abdulƙadir ya ɓoye gorar a shago bayan tarin yadi, don kada Husaina ta gani ta yi masa tambaya.

Saura barci. Wannan kuma ya kai wa Malam Jibrin, malamin da ke koyar da karatun allo a layinsu, wanda ya ja sallar gawar Zakari. Ya ce masa ba ya samun barci, in ya samu kuma sai mafarkai.

Malam ya ce, "Wa kake gani a mafarkin?"

"Allah gafarta Malam, ba na gane fuskar."

Ƙarya yake yi. Zakari yake gani kullum, yana zaune a kan kekensa. Malam Jibrin ya dube shi ya ce, "Abdulƙadir, hawaye ba rashin tawakkali ba ne. Wanda ya rasa ɗan'uwa irin naka, in ya yi kuka bai saɓa wa Allah ba. Ga addu'o'in kwanciya, ka riƙe su. Amma ka riƙa zuwa bayan la'asar mu zauna, ko ba ka da abin cewa. Jikin fa, ka nuna wa likita?"

Ya ce jiki kam ba matsala. Ya karɓi addu'o'in ya yi godiya, zaman la'asar kuwa bai taɓa zuwa ba. Malam na cikin waɗanda yake zaton sun yaba da dauriyarsa, bai so ya rushe a gabansa.

To, daga nan Abdulƙadir ya shiga ruɗani. Mutum huɗu ke yi masa magani, ba wanda ya san da sauran, kuma kowa ya ba shi tasa doka. Likita ta ce ya yi tattaki da safe, Baba Isiyaku ya ce kada sanyin safiya ya taɓa shi. Likita ta hana kanwa a gida, shi kuma yana shan ta a shago. In ya tashi da sauƙi ba ya sanin wanda zai gode wa. In ya tashi da jiri ba ya sanin wanda zai zarga. Ran da ya zargi ƙwaya sai ya ajiye ta ya ƙara jiƙo. Ran da ya zargi jiƙo sai ya koma a sake ƙaho. Wani lokaci yakan tsaya da kofi a hannu, ya rasa ko ya riga ya sha ko bai sha ba, sai ya ƙara don kada a yi asara.

Husaina ma ta rikice. Ta daina sa gishiri sosai a miya, ta daina kunun kanwa gaba ɗaya, har yara na ƙorafi, amma ga maigida kullum sai ƙara lalacewa yake yi.

Wata safiya ta ce, "Baban Ummi, ni fa na kasa gane maka. Shekaranjiya ka ce likita ta ce ka riƙa fita da safe. Jiya ka ce an hana ka fita da safe. Wa ya hana?"

"An dai hana."

"Ita likitar ce ta sauya magana?"

"Kusan haka ne."

"Wannan tsagar ta ƙeyarka fa? Ta san da ita?"

Ya ja hularsa baya ya rufe wurin, ya ce ta bar maganar, ya makara. Gaskiyar ita ce ranar komawarsa asibiti ta riga ta wuce. Ya ƙi zuwa ne saboda kunyar kada likita ta ga shaidar ƙaho ta ce ya raina aikinta. Ya ce bari tabon ya warke tukuna. Kafin ya warke ya sake yin wani.

Hannun kuwa bai daina rawa ba. Aikin da yake gamawa a mako ya koma ɗaukar masa kusan wata. Yakan yi layi guda na surfani, ya duba ya ga ya karkace, ya warware ya sake. In ya ɗaga kai ya ga keken Zakari a rufe da tsohon zane, sai ya yi maza ya sunkuyar da kai. Wani lokaci yakan tambayi kansa ko dai sammun da aka faɗa ne, ko tsufa ne ya zo da wuri, ko kuwa duk magungunan ne na jabu. Abu guda ne bai taɓa tambayar kansa ba, wato ko waɗanda ke yi masa magani sun san ciwon da suke yi wa magani.

Wata Talata da hantsi yana aikin wuyan wata babbar riga, allura ta suɓuce masa. Ya sa hannu ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya dubi yatsunsa ya ga suna nan, amma ba sa jin umarninsa. Maƙwabcinsa Ahmadu mai wanki da guga ya leƙo don ya karɓi wasu kaya, ya ga bakin Abdulƙadir ya karkace gefe guda.

Ya ce, "Abdulƙadir, lafiya kuwa?"

Abdulƙadir ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, harshe ya ƙi. Ahmadu ya yi salati, ya tare keke napep, aka ɗauke shi sai asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɓangaren dama. Likita Hasiya ta ce wa Husaina ta kawo duk abin da yake sha. Husaina ta kawo ƙwayoyin, aka ga fiye da rabi suna nan ba a taɓa ba. Ahmadu kuma da ya je rufe shago ya ci karo da gorar jiƙo, ya haɗo da ita. Husaina ta riƙe gorar tana juya ta, ta ce ita ba ta taɓa ganin ta ba. Likita ta sunsuna, ta ɗiga kaɗan a harshe, ta ajiye.

Bayan 'yan kwanaki magana ta fara dawo masa, a hankali, kamar ta mai koyo. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci masu dubiya suka zo. Allah ya haɗa Baba Isiyaku da Maliki da Malam Jibrin a bakin gadonsa lokaci guda, ba wanda ya san abin da ya haɗa sauran da majinyacin. Suna cikin jajantawa likita ta shigo zagaye. Husaina ta ce ga wanzamin gidansu, ga malaminsu. Maliki ya gabatar da kansa.

Likita ta ce, "Kai ne mai jiƙon? Ka san yana da hawan jini?"

Maliki ya zaro ido. "Hawan jini? Wallahi Likita sai da na tambaye shi a gaban mutane. Ina da wanda ba kanwa, da shi zan ba shi, ko in ce ya fara tambayar ku." Ya juya ga Abdulƙadir. "Maigida, me ya sa za ka sa ni in cuce ka da hannuna?"

Baba Isiyaku ya dubi majinyacin. Can ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ɗan ƙullin leda, ya kwance. Ƙwayoyi ne farare.

Ya ce, "Audu, ka ga wannan? Na hawan jini ne. Shekara da shekaru ina sha, ban taɓa fashi ba. Ƙaho na sauke gajiya, yana sakin jijiya, amma ba ya maye gurbin wannan. Da ka faɗa mini, ni da kaina zan riƙa tambayar ka ko ka sha. Ka ɗauka haushi zan ji don ka je asibiti? Yau ne na ji haushi."

Abdulƙadir ya yi ta kallon ƙullin ledar nan. Duk karar da ya yi wa tsohon, ashe ba wanda ya roƙe shi ita.

Malam Jibrin ya matso ya dafa kafaɗarsa ta hagu, ya ce a hankali, "Ni ma na yi maka tambaya rannan. Wa kake gani?"

Leɓen Abdulƙadir ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito. Ya ce, "Zakari." Daga nan kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, mai fita da ƙyar. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri ya daina. Husaina ta juya ga bango tana share nata hawayen. Mazan nan uku suka tsaya a kansa har ya gaji don kansa.

Da ya lafa, likita ta ce, "Malam Abdulƙadir, duk mutanen nan ba wanda ya so ka da sharri. Ni ka ba ni jini, shi ka ba shi kafaɗa, wannan ka ba shi baya, Malam ka ba shi barci. Ba wanda ka bari ya gan ka gaba ɗaya. Yanzu sai mu haɗu mu ceci abin da ya saura."

Sun kuwa yi ƙoƙari. Aka sa shi a gashi a asibiti, ana motsa masa ƙafa da hannu. Ya riƙa zama da ma'aikacin nan da ya ƙi gani tun farko, ya tarar ashe hira ce kawai, ba ɗaure mutum ake yi ba. Bayan la'asar yana wurin Malam Jibrin. Da safe Ahmadu ke raka shi tattaki, daga ƙofar gida zuwa bakin titi, har ya kai ga zuwa Kawo da ƙafarsa. Ƙwaya kuwa Husaina ce ke miƙa masa da hannunta. Barci ya dawo, baki ya miƙe, ƙafa ta taka. Hannun dama ne bai dawo ba. Yana iya ɗaga shi, yana iya musabaha da shi, amma babban yatsa da manuni sun ƙi haɗuwa a kan allura. Aka gwada duk abin da za a gwada, daga ƙarshe likita ta faɗa masa gaskiya cewa da wuya.

Shagon bai rufe ba. An ɗauki wani tela yana ɗinkin keke, Abdulƙadir na karɓar aiki yana duba awo, abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba. Husaina da matar marigayi suka fara sana'ar abinci a gida don a rufa asiri.

Wata rana wani Alhaji Lawal, wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, ya sauka daga mota da shadda mai tsada a hannu. Ya yi tafiya mai nisa, bai ji labari ba. Ya ce ɗansa zai yi aure, kuma ba ya son hannun kowa a wuyan rigar sai na Abdulƙadir.

Abdulƙadir ya karɓi shaddar ya ɗora a cinya. Ya shafa ta, ya ga inda zanen zai zauna, ya ga kalar zaren da za ta dace. Duk aikin na nan a kansa, ba abin da ya manta. Ya daɗe a haka, sannan ya ninke ta ya miƙa wa mai ita.

Ya ce, "Alhaji, na yi rashin lafiya. Hannun ya tafi, ba zan iya ba."

Alhaji Lawal ya yi ta jajantawa, ya yi addu'a. Da zai tafi ya tsaya yana jinjina shaddar, ya ce, "To yanzu wa kake ganin zan kai wa?"

Abdulƙadir ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna masa shagon wani tela a ƙarshen layi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, lafiyar mutum ba a yanka ta gunduwa-gunduwa. Jiki da zuciya tare suke ciwo, tare kuma suke warkewa. Maganin asibiti, da abinci mai kyau, da motsa jiki, da addu'a, da samun wanda za a buɗe wa ciki, duk suna iya taimakon juna, amma sai in masu yi maka magani sun san gaskiyar halin da kake ciki da abin da kake sha. Kada kunya ko kara ta sa ka ɓoye wa likita abin da mai maganin gida ya ba ka, ko ka ɓoye wa mai maganin gida abin da likita ya faɗa. Kada ka ajiye maganin da aka ɗora ka a kai don ka ji sauƙi na kwana biyu. Ku kuma maza, faɗin damuwa ba ya rage wa namiji daraja. Wanda ya ce lafiya lau alhali ba lafiya, ba mai tambayar ya cuta ba, kansa ya cuta da waɗanda ke ci daga hannunsa.